Yadda Ake Ajiye Aiki Cikin Mutunci Da Rubuta CV Mai Ƙarfi

Galibin masu barin aiki ta baya suke faro abin. Rai ya ɓaci ranar Talata, ranar Laraba a miƙa takardar ajiye aiki, sai bayan mako biyu mutum yana zaune a gida ya buɗe kwamfuta ya ce bari ya gyara CV, wato takardar tarihin aiki da karatu da ake neman aiki da ita. A nan zai tarar ya manta watan da aka ƙara masa girma, ya manta yawan mutanen da ya horar, an rufe imel ɗinsa na ofis, kuma wanda ya fi kowa sanin ƙwazonsa, wato shugabansa, yanzu ba sa ga maciji. Ajiye aiki da rubuta CV tafiya ɗaya ce, kuma CV ne ke gaba. Kayan da za ka gina shi da su suna kan teburin da kake shirin bari, sannan mutanen da za a kira a tambaya ko abin da ka rubuta gaskiya ne, su ne waɗanda za ka yi wa sallama. Don haka ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Mataki na farko: tattara shaidar aikinka tun kana kan kujera

Kafin kowa ya ji ƙishin-ƙishin, buɗe fayil a wayarka ko kwamfutarka ta gida ka fara zuba bayanai. Ranar da ka kama aiki, da wata da shekara. Sunan muƙaminka daidai yadda yake a takardar ɗaukar aiki, domin sau da yawa sunan da ake kiran mutum da shi a ofis ya sha bamban da na takarda, kuma na takarda ne sashen kula da ma'aikata zai faɗa idan aka tuntuɓe su. Duk ƙarin girma da ranarsa. Kwasa-kwasan da aka tura ka. Manhajoji da na'urorin da hannunka ya faɗa a kansu.

Daga nan sai alƙaluma, kuma a nan ake shan wahala. Mutum nawa ne a ƙarƙashinka? Abokan ciniki nawa kake kula da su a mako? Aikin da ka tarar yana cin kwana goma, kwana nawa yake ci yanzu? Duba rahotannin da ka rubuta da takardun auna ƙwazo na ƙarshen shekara, akwai alƙaluman da kai kanka ka manta da su.

Akwai iyaka fa. Rubuta wa kanka cewa ka kula da rassa huɗu ba laifi ba ne. Kwashe jerin sunayen abokan cinikin kamfani, ko tura fayilolinsa zuwa imel ɗinka, wannan ɗaukar kayan da ba naka ba ne, kuma na'urorin ofis sukan ajiye sawun abin da aka kwafa. Mutane sun rasa haƙƙoƙinsu na sallama, wasu har sun tsaya gaban alƙali, a kan wannan. Abin da yake naka shi ne takardar ɗaukar aikinka, takardun albashi, takardun yabo da satifiket. Su kam ka yi kwafinsu yau.

Mataki na biyu: rubuta CV

Haruffan nan biyu, C da V, daga kalmomin harshen Latin suka fito, ma'anarsu kuwa tafiyar rayuwa. Sunan yana ruɗar mutane su ɗauka tarihin rayuwarsu ake so tun daga firamare. Mai ɗaukar ma'aikata tambaya ɗaya ce a ransa: wannan zai iya aikin da nake da shi? A 2018 kamfanin Ladders na Amurka, mai tallata guraben aiki, ya bi motsin idon masu tantance takardun neman aiki da na'ura, ya ce matsakaicin kallon farko daƙiƙa 7.4 ne kawai. Ko da ba ka yarda da alƙalumman kamfanin da ke tallar hajarsa ba, duk wanda ya taɓa zama gaban tarin takardu ɗari biyu ya san ba karanta su ake yi ba a zagayen farko, leƙawa ake yi. Saboda haka rabin shafin farko na sama shi ne kasuwarka.

Akwai wani tsohon misali da nake so. Wajen shekarar 1482 Leonardo da Vinci ya tsara wasiƙar neman aiki zuwa ga Ludovico Sforza mai mulkin birnin Milan na Italiya, daftarinta yana nan har yau cikin takardunsa. Mutumin da duniya ta sani da zane, sai ga shi ya fara da cewa ya iya gina gadoji marasa nauyi da ake ɗauka a tafi da su, ya iya janye ruwan ganuwa, ya iya haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa, ya iya ƙera igwa da karusan yaƙi masu rufi. Zane da sassaƙa can ƙarshe ya ambace su. Ya san mai karanta wasiƙar yaƙi ne a gabansa, sai ya sa abin da yake buƙata a sama. Duk CV mai kyau haka yake: ka duba buƙatar mai karatu, ka jera kayanka bisa ita.

Saman takarda: cikakken suna, lambar waya da kake ɗauka, imel, gari da ƙasa. Ba sai ka sa lambar gida ba. Idan imel ɗinka laƙabin ƙuruciya ne, buɗe sabo mai sunanka, minti biyar ne. Kada ka kuskura ka sa imel ɗin ofishin da kake shirin bari. Idan kana da shafi a LinkedIn, dandalin intanet na masu aiki da masu neman aiki, sa shi, amma ka tabbata ranaku da muƙaman da ke can sun yi daidai da na takardar, don ana gwadawa.

Batun hoto, shekarun haihuwa, aure da addini ya danganta da inda za ka aika. A Amurka da Birtaniya ba a sa su, har wasu kamfanoni kan ajiye takarda mai hoto gefe don gudun zargin nuna bambanci. A Jamus kuwa har yanzu mutane da yawa suna sa hoto, ko da yake doka ba ta tilasta ba. Idan Turai kake nufi, akwai tsarin rubuta CV mai suna Europass da Tarayyar Turai ta kafa a 2004, kyauta ne a intanet. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: abin da tallar aikin ba ta nema ba, kuma ba ya nuna iya aiki, a bar shi.

Ƙarƙashin suna sai taƙaitaccen bayani, layi uku ko huɗu. Nan ne mutane ke zuba kalmomin da ba su da nauyi: mai ƙwazo, mai gaskiya, mai son aiki tare da jama'a. Wa zai rubuta cewa shi malalaci ne? Tunda kowa na iya faɗa, faɗar ba ta ƙara maka komai. Ka ce wane ne kai a sana'a, shekara nawa, a wane fanni, da abu ɗaya da ka fi alfahari da shi. Misali: "Akanta mai shekara 6 a kamfanonin sarrafa kaya. Na ƙware a haɗa rahoton wata da bin bashi. A wurin aikina na yanzu na rage lokacin rufe lissafin wata daga kwana 12 zuwa 5."

Yanzu sai zuciyar takardar, wato ayyukan da ka yi. Fara da na yanzu ka gangara baya. Kowanne da muƙami, sunan wurin, gari, wata da shekarar farawa da gamawa. A ƙarƙashinsa layi uku zuwa shida ga aikin kwanan nan, biyu ga tsofaffi.

Babban kuskuren da ke kashe CV shi ne kwafo jerin nauyin da aka ɗora wa mutum. "Kula da ɗakin ajiyar kaya." To, duk wanda ya taɓa riƙe wannan kujera an ɗora masa haka, har wanda aka kora. Abin da ya bambanta ka shi ne me ya canza saboda kana wurin. Laszlo Bock, wanda ya shugabanci sashen ma'aikata na Google, ya yaɗa wata dabara mai ƙafa uku: faɗi abin da ka cim ma, faɗi ma'aunin da ya nuna shi, faɗi yadda ka yi. Da ita layin can zai koma: "Na rage ɓatan kaya a ɗakin ajiya da kashi 30 cikin ɗari a shekara ɗaya, ta hanyar ƙirga kaya kowane mako maimakon kowane wata uku." Malamin makaranta zai iya cewa ɗalibai nawa ya koyar da yadda sakamakon jarrabawarsu ya motsa. Ma'aikaciyar jinya ta faɗi gado nawa ne a sashenta da sababbin ma'aikata nawa ta horar. Direba ya faɗi shekarun da ya yi ba tare da haɗari ba da irin motocin da ya tuƙa.

Na san abin da ke riƙe hannun mutane da yawa a nan. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Amma faɗin cewa ka horar da mutum takwas ba yabo ba ne, labari ne, kamar faɗin tsawonka. Yabon kan shi ne "gwani mara misali". Ka bar siffofi, ka kawo lamba, kunyar ma sai ta ragu. Inda aikin na taro ne, ka ce kuna cikin tawagar mutum biyar, sannan ka fayyace naka kason. Inda kuma ba ka da tabbacin lamba, ka ce "kimanin", ko ka bar lambar ka bayyana girman aikin da kalmomi. Kada ka ƙirƙira.

Karatu yana biyo baya, sai dai idan yanzu ka gama makaranta, to shi ne a sama. Babban digiri ko difloma tukuna, da makaranta da shekara. Mai digiri da shekara goma a aiki ba ya buƙatar ambaton firamare. Bayan haka ƙwarewa: manhajoji da sunayensu, lasisin sana'a, harsuna da matakin da ka kai a kowanne. Kada ka rubuta kana jin Faransanci sosai alhali gaisuwa ka iya, domin wata rana a tsakiyar intabiyu wani zai juya harshe.

Giɓi a tarihin aiki ba abin kunya ba ne. Rainon yara, jinyar iyaye, rashin lafiya, kasuwancin da bai yi ba, neman aikin da ya daɗe: layi ɗaya ya isa, da ranaku, da abin da ka koya idan akwai. Giɓin da aka bayyana ba ya tayar da hankalin kowa. Wanda aka yi ƙoƙarin rufewa da jan ranaku, shi ne ke tona kansa.

Wannan ya kawo mu ga ƙarya. A 2012 Scott Thompson ya bar kujerar shugabancin Yahoo bayan wata huɗu kacal, saboda an gano digirin kimiyyar kwamfuta da ke cikin tarihinsa bai taɓa yin sa ba. Digirinsa na lissafin kuɗi ne. Mutumin ya riga ya shugabanci PayPal, ba ya ma buƙatar wannan ƙarin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a kwantiragi da yawa an rubuta cewa bayanin ƙarya dalili ne na kora ko bayan shekara nawa aka gano.

Sai siffar takardar. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyi suna karɓar takardu ta manhajojin tantancewa irin su Workday, Taleo da Greenhouse. Manhajar tana karanta rubutun ta rarraba shi gida-gida, sannan mai ɗaukar aiki ya bincika da kalmomi. Tebura masu sarƙaƙiya, rubutu cikin hoto, ginshiƙai biyu da zane-zanen ado kan rikita ta, sai sunan makarantarka ya faɗa gidan muƙami. Yi shi fili: ginshiƙi ɗaya, rubutu irin Arial ko Calibri mai girman 10 zuwa 12, kanun sassa na yau da kullum. Gwaji mai sauƙi: kwafi duk rubutun ka manna a Notepad, ƙaramar manhajar rubutu zalla da ke kwamfuta. Idan ya karantu bi da bi, manhajar ma za ta karanta. Ka adana shi a PDF sai idan an ce Word ake so, kuma kada ka ɗauki hoton takarda da waya ka aika. Sunan fayil ya zama sunanka da CV, ba "sabo na ƙarshe 3" ba.

Tsawo: shafi ɗaya ga mai ƙarancin shekaru a aiki, biyu ga wanda ya daɗe. Malaman jami'a da masu bincike ne kaɗai ke da uzurin shafuka da yawa, saboda jerin wallafe-wallafe.

Ka riƙe babban CV guda mai ɗauke da komai, wanda ba ka aika wa kowa. Duk tallar aikin da ta fito, karanta ta da biro a hannu, ja layi ƙarƙashin abubuwan da suka maimaita, sannan ka yanko daga babban abin da ya dace, da irin kalmomin da suka yi amfani da su muddin gaskiya ne a kanka. Minti ashirin ne, kuma ya fi aika takarda ɗaya wurare hamsin. In ka gama, karanta da ƙarfi, sannan ka ba wani mai ido ya duba. Idonka ya saba da kuskurenka, ba zai gan shi ba.

Mataki na uku: nema a asirce, kuma kada ka motsa sai ka ga takarda

Nemi aiki da wayarka, a lokacinka. Intabiyu ya faɗo ranar aiki, ɗauki hutun da kake da haƙƙinsa. Abokin sirri a ofis, ko shi ma kada ka faɗa masa tukuna. Maganar da ta shiga kunne biyu a ofis ta gama zagaya shi.

"Mun ɗauke ka" ta waya ba aiki ba ne tukuna. Kasafin kuɗi kan canza, wanda ya yi maka alkawari kan bar wurin. Jira takardar tayi mai sa hannu, da muƙami, albashi, ranar farawa da tsawon lokacin gwaji. Duba ko an rataya tayin a kan wani sharaɗi, kamar binciken lafiya, jin ta bakin mashaida (waɗanda za a tambaya game da aikinka) ko samun izinin aiki a wata ƙasa. Idan akwai, bari a cika shi tukuna. Wanda kuma zai ajiye ba tare da wani aiki a hannu ba, saboda lafiya ko wurin ya zama ba ya zaunuwa, ya lissafa watanni nawa ajiyarsa za ta riƙe gida, ya ɗauka neman zai fi tsammaninsa daɗewa.

Mataki na huɗu: koma ka karanta kwantiraginka

Yawancinmu mun sa masa hannu cikin murna ba mu karanta ba. Yanzu lokacinsa ya yi. Abu na farko shi ne wa'adin sanarwa, kuma dokoki sun bambanta ƙwarai. A Birtaniya dokar 1996 ta ce wanda ya yi wata ɗaya ko fiye zai ba da aƙalla mako ɗaya. A Jamus mako huɗu ne, ya ƙare a ranar 15 ko ƙarshen wata, kuma dole takarda ce mai sa hannun biro, imel ba ya ƙirguwa. Sashe na 11 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya jera shi bisa daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tsakanin kwana 30 ne zuwa 90. A kusan duk jihohin Amurka kuwa doka ba ta ɗora wa'adi ba, mako biyun da ake ji al'adar wurin aiki ce. Galibin waɗannan mafi ƙaranci ne. Idan kwantiraginka ya ce wata uku, wata ukun ne ya hau kanka, don haka kada ka yi wa sabon wuri alkawarin ranar farawa kafin ka duba.

Sannan ka nemi waɗannan: ko za a iya biyan kuɗi a madadin wa'adin, ko akwai kuɗin horo ko karatu da za ka mayar idan ka tafi kafin wani lokaci, bashin ofis da yadda za a cire shi, ranar da ake biyan garaɓasar shekara, don wani ya ajiye saura mako biyu a biya ya yi asararta, kwanakin hutun da ba ka ci ba, da sharaɗin hana ka aiki da abokan gasar kamfani ko jan abokan cinikinsa. Ƙarfin wannan sharaɗi na ƙarshe ya danganta da ƙasa, idan yana ciki kuma sabon aikin a fanni ɗaya yake, ga lauya ko ƙungiyar ƙwadago kafin ka sa hannu a ko'ina. Wanda izinin zamansa a ƙasar waje ke rataye da aikin, shi ma ya fara da wannan tambayar.

Mataki na biyar: faɗa wa shugabanka da bakinka

Shi ne zai fara ji, kafin takarda, kafin abokan aiki. Shugaban da ya ji labarin tafiyarka a bakin wani ba ya mantawa. Nemi minti goma ku kaɗai, ido da ido, ko ta bidiyo idan daga nesa kuke aiki. Kada ka yi dogon zagaye: "Ranka ya daɗe, na zo in sanar da kai da kaina cewa na yanke shawarar ajiye aiki. Ranar ƙarshe ita ce kaza, bisa wa'adin da ke kwantiragi. Na gode da damar da aka ba ni, kuma na fara shirya yadda zan miƙa komai." Shi ke nan, sai ka yi shiru ka saurara.

Zai tambayi dalili. Ba dole ne ka faɗi inda za ka ba, "na samu wata dama da ta dace da inda nake son zuwa" ta wadatar. Wani zai yi fushi, wani ya yi roƙo. Kada ka biye wa fushin. Magana zarar bunu ce, abin da ka faɗa cikin minti biyar na huce haushi shi za a tuna, a manta shekara biyar na aiki.

Mai yiwuwa a yi maka tayin ƙarin albashi don ka zauna. Shirya amsarka tun a gida. Idan kuɗi ne kaɗai matsalar, tayin abin dubawa ne, amma a rubuce. Idan kuwa abin da ya kore ka halin shugaba ne, ko rashin hanyar ci gaba, ko aikin da ke cin lafiyarka, ƙarin ba zai taɓa su ba, bayan wata uku kana nan inda kake, ga shi ka ɓata da waɗanda suka ɗauke ka. Ni dai ina ganin wanda ke son ƙari ya nema a fili tun kafin ya fara neman wani wuri. Yin barazana da takardar ajiye aiki caca ce, wata rana za a karɓa a ce Allah ya kiyaye hanya.

Ka kuma shirya wa yiwuwar a ce ka tafi yau. A bankuna da wuraren da ke riƙe da bayanan sirri an saba haka: a rufe maka kwamfuta nan take, a ci gaba da biyanka kana gida har wa'adi ya cika. Ba wulaƙanci ba ne, tsari ne. Shi ya sa za ka kwashe hotunanka da takardunka na kanka kafin wannan ganawar.

Mataki na shida: takardar

Gajeriya ce, kuma za ta zauna a fayil ɗinka shekaru, wanda ba ka sani ba zai karanta ta. Ga yadda cikinta zai kasance:

"Ina sanar da ku cewa na ajiye aikina na jami'in kula da kaya. Bisa wa'adin wata ɗaya da ke cikin kwantiragina, ranar aikina ta ƙarshe ita ce 30 ga Afrilu. Ina godiya da damar da na samu da abubuwan da na koya a nan. Zan kammala abin da ke hannuna, in miƙa sauran ga wanda kuka zaɓa. Ina roƙon a tabbatar mini da karɓar wannan takarda, tare da bayanin haƙƙoƙina na ƙarshe."

Sa kwanan wata a sama, sa hannu a ƙasa. Ba ƙorafi, ba habaici, ba sunan kowa. A wurare da yawa ranar da ka miƙa ba ta shiga lissafin wa'adi, don haka ƙirga daga washegari. Miƙa ta ga shugabanka, ka ba sashen ma'aikata kwafi, ka riƙe naka da hatimin karɓa ko amsar imel. Abu ɗaya ne ya fita daga wannan ƙa'ida: idan cin zarafi, tsangwama ko hana albashi ne ya tilasta maka tafiya kuma kana tunanin kai ƙara, kada ka rubuta takardar godiya kafin ka ga lauya, domin kalmominta na iya zama hujja a kanka.

Mataki na bakwai: kwanakin wa'adi

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ana biyanka har ranar ƙarshe, kuma makonnin nan su ne hotonka na ƙarshe a idon mutane. Rubuta takardar miƙa aiki wadda baƙo zai iya bi ba tare da ya kira ka ba: ayyukan da ke tafiya da inda kowanne ya tsaya, abin da ake yi kullum da na wata-wata, wa ake kira idan kaza ya lalace, ina fayiloli suke, waɗanne ranaku ne ke tafe. Ka haɗa da abubuwan da ke kanka kaɗai, irin su abokin cinikin da ba ya amsa imel sai an kira shi da safe. Kalmomin sirri a miƙa su ta hanyar sashen kwamfuta. Kwamfuta, katin shaida, makullai, mota: a rubuta jerinsu, wanda ya karɓa ya sa hannu.

Idan an kira ka ganawar bankwana da sashen ma'aikata, faɗi gaskiyar da za ta gyara tsari, ka bar wadda za ta huce maka haushi kawai. "Ana sauya jadawalin aiki ba sanarwa" abu ne da za a iya gyarawa. "Wane mugu ne" zai koma kunnen wane. Haka nan Facebook da sauran shafuka, kada ka yi bikin tsira a can, sabon wurinka ma suna karantawa.

Mataki na takwas: haƙƙoƙi da mashaida

Kafin ranar ƙarshe ka nemi lissafin sallama a rubuce: albashin kwanakin da ka yi, kuɗin hutun da ba ka ci ba, garatuti idan akwai, da duk abin da aka cire da dalilinsa. Tabbatar an zuba kuɗin fansho har watan ƙarshe, ka karɓi lambar asusun da takardun haraji, ka tambayi ranar da inshorar lafiya za ta tsaya. Nemi takardar shaidar aiki mai nuna muƙami da ranaku. Karɓarta kana ciki aikin kwana biyu ne, bayan ka fita kuwa sai ka yi ta sintiri wata da watanni.

Mashaida mutum biyu ko uku sun isa, waɗanda suka ga aikinka da idonsu. Babban mutumin da bai san ka ba, in aka kira shi zai yi ta inda-inda, gara mataimakin manajan da kuka yi dare tare kuna haɗa rahoto. Nemi izininsu tukuna, karɓi lambarsu da imel na kansu tunda su ma suna iya barin wurin, kuma kada ka jera lambobinsu a CV ɗin da kake watsawa ko'ina, ka ajiye su a takarda daban sai an nema. Duk lokacin da ka ba da sunan ɗayansu, tura masa CV ɗin da tallar aikin a ranar, ka gaya masa wa zai kira da kuma ayyuka biyu da kake so ya tuna.